Kitso a Amurka: Yadda Makitsiya Za Ta Samu Horo da Lasisi

A gida ba wanda ya taɓa tambayar makitsiya takarda. Yarinya tana tasowa gefen yayarta ko gwaggonta, tana miƙa tsinke da man kitso, wata rana a ba ta kan ƙanwarta ta gwada kalaba, a kwance, ta sake. Kafin ta kai shekara goma sha biyar hannunta ya faɗa, shuku da zane ba sa yi mata gardama, ranar jajibirin sallah tsakar gidansu ba wurin taka ƙafa. Kan da ta kitsa shi ne shaidarta.

To, wannan matar ce za ta sauka a Bronx ko Harlem cikin birnin New York, ko Greensboro ta jihar North Carolina inda 'yan Nijar suke da yawa, ta ga ashe abin da ta iya tun ƙuruciya kuɗi ne masu kauri a can. Sai kuma ta ji ana maganar lasisi, da makaranta, da sufeto mai shigowa shago ba sallama. Wasu kan tsorata su koma yin kitso a ɓoye cikin ɗaki shekara da shekaru. Wasu kuma kan kwashi dubban daloli su kai makarantar da dokar jiharsu ba ta ma ce su je ba. Duka biyun asara ce, kuma rashin bayani ne ke jawo ta. Don haka, 'yar uwa, ga yadda abin yake, daki-daki.

Mataki na farko: san dokar jihar da kike

Babu wani lasisin kitso na ƙasar Amurka baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Abin da ƙawarki ta Texas ta gaya miki gaskiya ne a Texas, amma in kika ɗauke shi kika yi aiki da shi a New York, tara za ki sha.

Jihohin sun kasu kusan gida uku. Kashi na farko, wanda yanzu ya fi yawa, jihohi ne fiye da 30 da suka cire kitso daga jerin sana'o'in da ake nema wa lasisi. Texas na ciki, da Florida, da Georgia, da Maryland, da Virginia, da Kalifoniya. In a ɗaya daga cikinsu kike, ba makarantar da ta zama dole a kanki muddin kitso zalla kike yi. Kashi na biyu su ne masu cewa ki yi rajista kawai ko ɗan gajeren horo. A Mississippi tun 2005 rajista ake yi da dala 25, a amsa tambayoyi kan tsafta. A Missouri tun 2018 rajista ce da kallon bidiyon koyarwa na 'yan awoyi. New Jersey kuwa awa 40 ko 50 take nema, gwargwadon ko kin daɗe a sana'ar ko sabuwa ce ke. Kashi na uku su ne masu lasisi na musamman da awoyi masu yawa: New York awa 300, North Carolina awa 300, Louisiana har awa 500.

Yana da kyau ki san cewa wannan sauƙin ba daga sama ya faɗo ba. A da, yawancin jihohi suna lissafa makitsiya cikin masu gyaran jiki, abin da suke kira kosmetoloji, su ce sai ta yi awa 1,000 zuwa 2,000 tana koyon rina gashi, da aski, da man miƙar da gashi, da gyaran farce, alhali a makarantar ba wanda zai koya mata kitso ko layi ɗaya. A 1997 'yan sanda suka kama Isis Brantley a shagonta na birnin Dallas saboda tana kitso ba lasisi. Ta yi ta fafatawa, a 2007 Texas ta rage abin zuwa awa 35, a 2015 kuma ta soke shi gaba ɗaya. A jihar Utah, Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, ita ta kai ƙara kan awa 2,000 da aka ɗora mata, a 2012 kotun tarayya ta ba ta gaskiya. Wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Institute for Justice ce ta tsaya wa yawancin waɗannan shari'o'i. Na kawo wannan ne don ki gane dokar tana canzawa kusan kowace shekara. Florida, misali, tana neman awa 16 har zuwa 2020, sannan ta janye. Bayanin da wata ta samu shekara biyar da suka wuce yana iya zama tsohon labari.

Yadda za ki tabbatar kuwa ba wuya. Kowace jiha tana da hukumar da ke kula da masu gyaran gashi, kuma tana da shafin intanet, wanda yawanci adireshinsa ke ƙarewa da .gov. Ki shiga can, ko ki sa ɗanki ko mijinki ya shiga, ku karanta abin da aka rubuta game da kitso. In kin kira su ta waya, ki roƙi su turo miki amsar a rubuce ta imel, ki ajiye. Kada ki fara tambayar makaranta ko kina buƙatar makaranta. Mai sayar da gishiri ba zai ce miyarki ta ji ba.

Mataki na biyu: takardun zama da izinin aiki

Wannan gajere ne amma ba a tsallake shi. Lasisin kitso ba izinin aiki ba ne. Bizar ziyara ba ta ba ki damar yin aikin kuɗi, ko da a falon 'yar uwarki ne, kuma in ya fito fili yana iya ɓata miki duk wata takarda da za ki nema nan gaba. In al'amarin takardunki bai daidaita ba, lauyan shige da fice za ki gani ko ƙungiyoyin da ke taimaka wa baƙi kyauta, ba dillalin unguwa da ke cewa ya san hanya ba.

Mataki na uku: iyakar abin da ake kira kitso

Ko a jihar da ba a neman lasisi, 'yancin da aka ba ki yana da iyaka. Doka ta yarda ki kitsa, ki murɗa, ki tufke, ki naɗa zare, ki ƙara gashi, da hannu da mataji da tsinke. Da zarar kin ɗauki man rina gashi, ko man miƙar da gashi, ko kika fara aski, kin fita daga kitso kin shiga gonar masu cikakken lasisin kosmetoloji. Lasisin New York ma haka yake: ya halatta wanke gashi, da kitso, da saƙa, da ƙari, bai halatta rini da sinadarai ba. Nan ne mata da yawa ke faɗawa, don kwastoma za ta ce, "Tunda ina zaune, ɗan shafa min wannan a gaban goshi mana." Ki ce a'a cikin fara'a. In kanta ya ƙone, ba inshorar da za ta tsaya miki.

In kuwa burinki shi ne ki buɗe babban shago mai yin komai, to tun farko ki auna cikakken kwas ɗin kosmetoloji, wanda a New York awa 1,000 ne. Ya fi tsada da tsawo, amma lasisinsa ya halatta miki kitson ma.

Mataki na huɗu: zaɓen makaranta

Bari mu ɗauki New York a matsayin misali, tunda can 'yan uwanmu na zangon Gana, da na Najeriya, da na Nijar suke da yawa, kuma ita ce ta fara ware wa kitso lasisi nasa tun farkon shekarun 1990. A takardunsu sunan lasisin Natural Hair Styling, kuma sashen ba da lasisi na ma'aikatar da ake kira Department of State ne ke bayar da shi. Ki riƙe sunan da kyau, don da shi za ki tambaya a ko'ina.

Awa 300 tana da nauyi a kunne, amma ki yi lissafi. In kina zuwa awa 30 a mako, mako goma ne. In yara da aiki sun sa awa 15 kawai za ki iya, mako ashirin ne, wajen wata biyar. Makarantu da dama suna da ajin yamma da na ƙarshen mako.

Kafin ki biya ko sisi, abu ɗaya ya fi komai: makarantar tana cikin waɗanda jihar ta amince da su? Akwai ƙwararrun makitsa da ke buɗe aji na kwana uku ko na mako guda, su koyar da sabon salo, su ba da satifiket mai kyan gani. Ajin yana iya yin amfani, ni ma ina ba da shawarar irinsa ga wadda ke son gyara hannunta, amma awoyinsa ba sa shiga lissafin hukuma. Ki nemi sunan makarantar a jerin da ke shafin gwamnati. In babu shi a can, ki kama gabanki.

Sai ki je da ƙafarki ki gani, gani ya kori ji. Ki tambaya kuɗin da suka faɗa ya haɗa da kayan aiki da littafi ko daban ne. Ki tambaya ko ana biya kaɗan-kaɗan, kuma in lalura ta sa kika bari a tsakiya nawa za a mayar miki. Ki tambaya in kika rasa aji yaya ake rama awoyin, domin awa ake ƙirgawa, ba iyawa ba, ko kin fi malamar hannu sai kin cika su. Duk abin da aka gaya miki da baki, ki ce a nuna miki shi a rubuce cikin yarjejeniyar da za ki sa wa hannu. Kuma ki ajiye kowane rasit.

Akwai wata ƙofa da mata da yawa ba su sani ba. New York tana duba buƙatar wadda ta yi shekara biyar tana sana'ar bisa ƙa'ida a wajen jihar, kuma tana duba karatun da aka yi a wani wuri. Amma da takardu ake tabbatarwa, ba da rantsuwa ba, kuma hukumar ce ke yanke ko ta karɓa. Wannan ya shafi ke da har yanzu kike Kano, ko Maraɗi, ko Nima a Akara, kina shirin bin miji ko kin ci bizar caca. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kina da shago, ki yi masa rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC in a Najeriya kike. In kina iya zama jarrabawar sana'a irin ta NABTEB a Najeriya, ko makamanciyarta a Gana, ki zauna. Ki karɓi wasiƙa mai kwanan wata da hatimi daga uwar ɗakin da kika yi aiki ƙarƙashinta, ki adana rasit na haraji da na haya. Ko ba a karɓe su a madadin makaranta ba, suna nuna ke ba baƙuwar sana'a ba ce.

Abin da za a koya miki, da dalilin da ya sa bai kamata ki raina shi ba

Na san abin da ke ran makitsiyar da ta shekara ashirin tana aiki idan aka zaunar da ita a aji: me waɗannan za su koya min? A ɓangaren hannu, wataƙila ba komai. Ni ma ina ganin awa 300 ta yi yawa ga irinta. Amma akwai kashi ɗaya na karatun da nake so ki buɗe masa kunne sosai, wato tsafta da lafiyar fatar kai, domin nan ne al'adarmu ta gida take da rauni.

A gida mataji ɗaya yana zagaye kai goma a yini, a ɗan goge shi a zani a ci gaba. Ta haka makero ke yawo tsakanin yara, haka ma ƙwarƙwata. A can ƙa'ida ita ce kowane mataji da tsinke da abin riƙe gashi, bayan kowace kwastoma, a cire gashin da ya maƙale, a wanke da sabulu, sannan a tsoma shi gaba ɗaya cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da hukumar kare muhalli ta EPA ta yi wa rajista. Wanda aka fi gani a shaguna shi ne shuɗin nan mai suna Barbicide, kuma minti goma ake barin kaya a ciki, a canza ruwan kullum. Kayan da aka tsabtace a ajiye su cikin abu mai murfi, daban da waɗanda aka yi amfani da su. Tawul sabo ga kowace mace. Wanke hannu kafin ki taɓa kai na gaba. Sufeto idan ya shigo, waɗannan yake dubawa, ba kyan layinki ba.

Za a koya miki ki buɗe kai ki duba kafin ki fara. Amosani daban, makero daban. In kika ga wuri zagaye da gashi ya karairaye, ko ƙuraje masu ruwa, ko gyambo, ba a kitsa wannan kan. A ja matar gefe a gaya mata a hankali ta ga likita, ba tare da an kunyata ta gaban mutane ba. Ke ba likita ba ce, kada ki ba da magani, amma ke ce kike ganin tsakiyar kan da mai shi ba ta gani.

Sai maganar ja. Mu mun taso ana yabon makitsiya da cewa hannunta yana kamu, kitsonta yana wata guda bai tashi ba, yarinya tana kuka ana cewa ta yi haƙuri, ado sai da wahala. Ki duba gaban goshin mata nawa a cikinmu da gashin ya janye baya. Yawan ja ne ke kawo wannan, likitocin fata sun san shi sarai, kuma in aka daɗe ana yi saiwar gashin tana mutuwa, ba man da zai dawo da ita. Alamominsa a bayyane suke: ƙananan ƙuraje a bakin layi, fatar da ta tattare sama, ciwon kai da ke hana barci daren farko. In kwastoma ta ce yana mata zafi, ki sassauta nan take. Siraran gashin gaban goshi da na ƙeya a bar su, ko a kama su sama-sama, kuma kada a rataya wa ɗan siririn gashi ƙari mai nauyi. Ki gaya mata ta tsefe kafin ya wuce mako shida zuwa takwas. Shi ya sa salon da ake farawa da gashin mutum sannan a riƙa saka ƙari kaɗan-kaɗan, ba tare da ƙulli a gindi ba, ya samu karɓuwa: bai cika ja ba. Ki kula kuma da ruwan zafin da ake tsoma bakin kitso a ciki, a sa tawul mai kauri a kafaɗa, yara su yi nisa.

Tunda an zo maganar ƙari, akwai abin da ba makarantar da za ta tattauna da ke. Yawancin kwastomomin Amurka gashin doki suke so a ƙara musu, kuma a nan kuɗin yake. Mu kuma mun san hadisin da ya yi hani ga mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa, mun kuma san malamai sun yi bayani kan bambancin gashin mutum da zare ko ulu. Ki zauna da malamin da kika yarda da iliminsa tun kafin ki kashe kuɗin makaranta, ki san matsayinki. Akwai masu kitso da suka tsaya kan gashin asali kawai, kitson yara, da murɗi, da kula da gashin mata masu lulluɓi da ke neman wurin da namiji ba ya shiga. Wannan ma kasuwa ce, kuma 'yar Hausa ta fi kowa sanin buƙatarta.

Mataki na biyar: neman lasisi da jarrabawa

A New York sai kin kai shekara 17. Bayan kin gama awoyin, makaranta za ta tabbatar wa hukuma, ke kuma ki cike fom, yawanci ta intanet. Ana neman shaidar likita cewa ba ki ɗauke da cuta mai yaɗuwa, kuma dole ne gwajin ya zama na kwanan nan, cikin kwana 30 kafin ki miƙa fom, don haka kada ki yi shi da wuri. Akwai kuma ɗan darasi na awa ɗaya kan gane alamun cin zarafin mata a gida, wanda jihar ta wajabta wa masu gyaran jiki. Kuɗin lasisin kansa dala 40 ne a 'yan shekarun nan, kuma yana aiki shekara huɗu. Kina iya neman lasisin wucin gadi na wata shida, ki fara aiki kafin ki gama jarrabawa.

Jarrabawar kashi biyu ce, ta rubutu da ta aiki. Ta aikin ba hannunki ne zai kayar da ke ba, sakaci ne. Masu dubawa suna kallon ko kin tsabtace hannu kafin ki fara, ko mataji ya faɗi ƙasa kin ɗauka kin ci gaba da shi, ko kin bi umarnin da aka karanta daidai kuma cikin lokaci. Ki karanta takardar bayanin jarrabawa da hukuma ke fitarwa, ki haɗa duk kayan da aka lissafa, ki yi ta gwaji a kan roba na koyo kina duba agogo. Ta rubutun ita ce ke ba matanmu wahala, musamman 'yan Nijar da suka yi boko da Faransanci da waɗanda allo kawai suka yi. Tambayoyi ne na zaɓi ɗaya cikin amsoshi, kalmominsu kuma ba su da yawa, suna maimaituwa. Ki tambayi hukumar harsunan da ake bayar da ita. Ki rubuta kalmomin tsafta da na cututtukan fata a ƙananan katuna, ma'anarsu da Hausa a baya, 'yarki ta riƙa yi miki bita da dare. Ajin koyon Turanci na manya kyauta ne a ɗakunan karatu na gwamnati da yawa. In kin faɗi karo na farko, ana sake zama.

Mataki na shida: bayan lasisi ya fito

Lasisinki na hannunki ne, shago kuma yana da nasa. A New York wurin sana'ar yana buƙatar lasisin kasuwanci daban, tare da inshora ko jingina ta kuɗi saboda haɗari, kuma wadda ta karɓi hayar kujera a shagon wata tana cin gashin kanta ita ma akwai rajistar da ta shafe ta. Lasisin a rataye shi inda kowa zai gani. In a gida kike son yin aiki, ki duba yarjejeniyar hayarki da dokar unguwa, domin masu gida da yawa sun hana sana'a a cikin gini. Ko a jihohin da suka cire lasisin kitso, rajistar kasuwanci ta gari tana nan.

In za ki fara a shagon wata, ku yi magana a fili ranar farko: kashi nawa ne naki a kowane kai, wa ke sayen gashin, kyautar da kwastoma ta ba ki a hannu taki ce ke kaɗai ko rabawa ake. Kunya ta sa mata da yawa sun yi shekara suna tsaye awa takwas a kan kai ɗaya, rabonsu bai taka kara ya karya ba.

Sai haraji. Wadda ke aikin kanta, in ribarta ta kai dala 400 a shekara, wajibi ne ta cike takardar haraji ta hukumar IRS, kuma akwai kashi 15.3 cikin ɗari na harajin masu aikin kansu, ban da harajin kuɗin shiga. Ranar ƙarshe ita ce 15 ga Afrilu. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da kika kashe a gashi, da mai, da haya, domin ana cire kuɗin kayan aiki kafin a lissafa riba. Kuɗin hannu yana da daɗi a ɓoye, na sani, amma ranar da za ki nemi hayar shago, ko bashin sayen gida, ko ki ɗauko mahaifiyarki, takardun harajin nan su za a ce ki kawo.

Ranar da lasisin zai ƙare, ki rubuta ta a bangon littafin nan, ki sa ta a wayarki wata biyu kafin lokacin. In kika canza gida ki sanar da hukuma, don wasiƙarsu tsohon adireshi za ta tafi. In kuma kika tashi zuwa wata jiha, lasisin ba ya bin ki kai tsaye: kafin ki ɗaure kaya, ki koma mataki na farko ki karanta dokar inda za ki.